Ka Dawo Mini da Ƙarshen Labarina

Sabon Birni, Gwarzo.

Zuwa ga Malam Ƙarami, mai sunan maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, don gaisuwa ba ta cikin abubuwan da na hana ka. Ya hanya, ya baƙunta, ya sabon ɗaki, ya sauron Kano? Allah ya tsare ka daga mota marar birki, da abincin da ya kwana, da abokin da zai riƙa yaba maka kana ɓarna. Allah ya sa ka shiga garin nan da ƙafar dama. Amin. To na gama addu'a. Yanzu nemi wuri ka zauna, ka kife wayar nan, magana zan yi da kai.

Ranar da ka kwashe kayanka za ka koma Kano, ka zo ƙofar ɗakina kana sallama, uwarka ta ce maka zazzaɓi nake yi. Rufa maka asiri ta yi. Lafiyata lau, ina zaune a bakin gado ina jin ka kana cewa, "Matata, ba za a fito a raka miji ba?" Da na fito a ranar, da muciya zan raka ka, kuma ga direba na jira, ga maƙwabta sun fito. Shi ya sa na haɗiye.

Za ka ce me ya sa ban yi maka saƙon murya ba kamar yadda ka koya mini. Na tuba da wannan. Muryata ta shiga hannunka sau ɗaya, na ga abin da ka yi da ita. Takarda kuwa in ka yage ta, kowa zai ga wurin yagar. Boko ɗin da na koya a ajin manya bai da yawa, hannuna ma rawa yake, amma zai isa in faɗa maka abin da ke raina. In ka ga harafi ya karkace, ka karanta shi a karkace.

Ba aikinka nake ƙi ba, kada ka je kana faɗa wa mutane tsohuwa ba ta son ci gaba. Da ubanka ya zo mini da albishir cewa ka sami aiki a ofishin lauyoyi masu rubuta wasiyya da tsaya wa mutane a rabon gado, guɗa na yi har haƙorin nan nawa ɗaya ya motsa. A wannan zamanin da masu digiri ke tura baro, ai ka ci sa'a. Na tambaye ka, "Kai da ba lauya ba, me za ka yi musu?" Ka ce talla za ka riƙa yi musu a waya. Na ce talla kamar ta ƙosai? Ka ce e, amma ba a ɗora faranti a ka, bidiyo ake yi gajere a sake shi, shi zai bi mutane har cikin ɗakunansu. Na yi dariya. Ban san ni ce ƙosan ba.

Ka tuna da Babbar Sallah, bayan an gama suyar nama, kuka zagaye ni a tsakar gida kai da ƙannenka. Ka ce, "Iya, a ba mu labarin rabon gonar Garo." Ka ɗaga waya ka ce don tarihi ne, don 'ya'yanku su ga kakarsu. Kuskurena na farko ke nan, kuma ba tsoho ba ne, na bana ne: na ga waya ta kalle ni, kaina ya kumbura. Na gyara ɗaurin kallabi. Har na ce ka jira in sa kwalli. Tsohuwa da ni, jika ya yaudare ni da kwalli a ido. To ka ji nasiha ta farko: in za ka ɗauki mutum, ka gaya masa inda za ka kai shi. "Don tarihi" ba amsa ba ce. Wanda ya yarda ya yi rawa a tsakar gidansa bai yarda ya yi ta a tasha ba.

Bari in sake ba ka labarin a rubuce, tunda kunnenka rabi yake ji.

Da Babanmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, Innarmu ta riga shi, mu uku ya bari: Yaya Sale, da ni, da ƙanwata Hanne. Gona ɗaya ce, a Garo, garinmu. Gefe guda tudu ne, yashi zalla, sai gero da gyaɗa in damina ta yi kirki. Ɗaya gefen ya gangara fadama, can tsamiya take, can rijiya take, ƙasar baƙa ƙirin, ko tsinke ka soka sai ya yi ganye. Malamin unguwa ya yi lissafi ya ce namiji na da rabi, mata biyu na da rabi. A lokacin ba a zuwa da tef, da ƙafa ake awo. Aka sa Yaya ya taka gonar daga wannan baki zuwa wancan, aka riƙe yawan takunsa, aka ce ya koma ya taka rabin haka ya kafa turke.

An ce mata su zauna a gida. Ni kuwa ka san ni. Na goya ubanka, na bi ta bayan dagaci na laɓe a gindin tsamiya.

Yaya ya fara daga bakin fadama. Kowa ya ɗauka nasa yake aunawa, tunda shi ne namiji kuma babba, shi zai zaɓa. Sai ga mutumin nan ya fara buɗe ƙafafu. Takun farko kamar mai tsallake kwata. Na biyu kamar mai tsallake rijiya. Ya haɗiye tsamiya, ya haɗiye rijiya, ya ci baƙar ƙasar duka, yana nishi, har wandonsa ya ce ɓarrr ta tsakiya. Dattawa suka sunkuyar da kai. Ni na fito daga bayan tsamiya na yar da mayafi na kwarma ihu: "Jama'a ku zo ku ga ɓarawo da rana tsaka! Baba bai gama sanyi a kabari ba!"

Nan ka yanke. Nan, Malam Ƙarami. Daidai inda na tattare zani ina tsallake tsakar gida, ƙannenka suna birgima don dariya, na buɗe baki ina cewa ɓarawo. Ka cire dariyar, ka sa wata sarewa mai sa kuka, ka rubuta a ƙasa wai, "Kada a yi miki irin ta Iya. Nemi lauya tun da wuri." Ga sunan ofishinku, ga lambar waya.

Ina sauran? Ina wurin da Yaya ya kafa turke, ya share gumi, ya riƙe wandonsa da hannu ɗaya ya ce, "Malam, a shaida. Wannan ɓangaren na Asabe da Hanne ne. Ni na ɗauki tudu." Ina wurin da ya juyo ya kalle ni ya ce, "Ke kuma rufe bakin nan kafin ƙuda ya shiga"? Na faɗa maka duka a ranar. Wayarka tana kallona na faɗa. Har hawaye na share da bakin zani, na ce duk Garo ba a haifi kamar Yayana ba.

Kuskurena na biyu shi ne halina na mai ba da labari. Ni ba na son a gane inda na dosa. Sai na baƙanta mutum tas, mai sauraro ya tsane shi, sannan in juye kwanon a ga nama a ƙasa. Haka nake yi tun ubanka yana cin ƙasa, kuma shi kansa Yaya ya fi kowa son wannan labarin. In na kai wurin wando har tari yake yi don dariya. Amma masu saurarona a zaune suke, ba mai tashi sai na ce ƙurunƙus. Ban taɓa ba da labari ga mutanen da ke share ni da ɗan yatsa in na daɗe ba. Da ubanka ya tsare ka, me ka ce? Wai ogan ofishinku ya ce bidiyo in ya yi tsawo ba a kallo, wai abin da ke tsayar da yatsan mutum shi ne ɓacin rai. To ya tsaya. Yatsun Kano duka sun tsaya a kan Yayana. Ka ji nasiha: maganar da ba za ta shiga gajeren bidiyo ba sai an sare mata ƙafa, ka bar ta a waje. Ba ka ƙara kalma ko ɗaya a bakina ba, na sani, da wannan kake kare kanka. Amma almakashi ma yana ƙarya, ja'iri.

Ka san me gonar nan take a wurina? Ku 'yan boko kun ɗauka gado shi ne a ba kowa nasa ya kama gabansa. Ni da Hanne ba mu taɓa kai fartanya wurin ba. A hannun Yaya muka bar ta, kamar yadda matan garinmu ke yi. Shi yake nomawa, kuma duk shekara damin farko da aka ɗaure, na gero da na dawa, kafin a kai ko zangarniya ɗaya rumbunsa, a kan jaki ake ɗoro shi zuwa Sabon Birni, daga baya a kan babur. Ba dawar ce abin ba. Macen da ta bar gonarta a hannun ɗan'uwanta ƙofar gidansu ta bari a buɗe. Ranar da duniya ta juya mata baya, tana da inda za ta shiga ba da sallamar baƙo ba. Da kakanka ya rasu ya bar ni da yara, a shekarun da gwamnati ta ce kowa ya ɗaure ɗamara, sabulu ma sai an yi layi, wa ya riƙe mu? Ubanka da ke taƙama da tumbi yanzu, da dawar Yaya Sale aka gina shi. Kai ma jikan dawar nan ne.

Bana an yanke gero, an ɗaure, babur bai zo ba.

Da farko ban gane ba. Na ga dai mata suna kallona a gidan suna, wata har ta dafa ni ta ce, "Sannu Iya, ashe haka aka cuce ki, Allah zai saka miki." Na ce wa ya cuce ni? Ta zaro waya daga lalita ta nuna mini kaina ina tsalle kamar akuyar da ta ci barkono.

A Garo kuwa abin ya fi muni. An kunna shi a majalisar ƙofar masallaci, Yaya yana zaune. Idonsa ya yi rauni, bai ga hoton ba, amma muryar ƙanwarsa ba sai an gaya masa ba. Ya ji ni ina ce masa ɓarawo, sarewa tana kuka, sai shiru. Ya ce, "Ku ci gaba mana, akwai saura." Aka ce, "Baba, ai ya ƙare." Ya ce, "A'a, akwai saura." Aka sake kunna masa. Nan ma ya ƙare.

Yanzu sunansa Sale Dogon Taku. Dattijon da ya haura tamanin, wanda ake kira in za a sasanta rikicin iyaka. In ya fito da sanda zai tafi sallah, sai 'yan samari su bi bayansa suna buɗe ƙafafu. Ya daina fita. A zaure yake sallah, shi da ko ruwa ake da ƙanƙara sai ya je jam'i.

Sai kuma abin da ya fi ba ni haushi, ko in ce dariya, ni kaina ban sani ba. Lawan, babban ɗan Yaya, ya yi ta kallon bidiyon nan yana maimaitawa saboda baƙin ciki, yana neman ta inda zai fara zagina. To ashe kun ɗaura wa abin naku wata dabara, duk wanda ya daɗe yana kallo sai tallar ta maƙale masa. Yanzu ko farashin taki ya shiga dubawa, sai ga ni na faɗo ina ihu. Ya buɗe karatun malami, ga ni. Har saƙo aka turo masa wai an lura yana da sha'awar sanin haƙƙinsa na gado, ko yana son a haɗa shi da lauya? Lawan! A kan ubansa da ke kwance a zaure da ransa! Ya zo nan har gida, bai ko zauna ba, ya miƙo mini wayar ya ce, "Gwaggo, ki ce wa jikanki ya cire ki daga aljihuna." Abin da ka ce mini zai bi mutane har ɗaki, ga shi ya bi su. Amma injin naka bai san bambancin mai sha'awa da mai jin zafi ba. Duk wanda ya tsaya ya zuba ido, a wurinsa mai saye ne. To ba haka ba ne. Wani tsayawa yake don an taka shi. Ka riƙe wannan.

Na ce bari in kira lambar da ke jikin bidiyon in zazzage wa ogan naku. Na shirya maganganuna tun daga alwala. Aka ɗauka, na ce salamu alaikum, sai wata murya mai zaƙi kamar an jiƙa ta da zuma ta ce, "Barka da zuwa. Muna yi muku ta'aziyyar rashin da kuka yi." Na ce, "Inna lillahi, wa ya mutu?" Na ɗauka Yaya ne, wallahi na ɗauka Yaya ne, labari ya riga ni zuwa Kano. Sai ta ce, "Idan gona ce, danna ɗaya. Idan gida ne, danna biyu." Na ce, "Ke 'yar nan, ke 'yar gidan uban waye?" Ta ce ba ta fahimci zaɓina ba. Uwarka ce ta zo ta same ni ina zagin wayar, ta ce, "Iya, ba mutum ba ce, inji ne."

Inji yana ta'aziyya. Kai Malam Ƙarami, a gidan nan aka haife ka? Ta'aziyya da ƙafa ake yin ta. A cire takalmi, a zauna a tabarma, a yi shiru, a ɗaga hannu. Kuma ko mahaukacin unguwa ya san ba a ambatar gona a zaman makoki. Ku kun haɗa gaisuwar mutuwa da danna ɗaya a numfashi guda. Gobe wata za ta kira ku tana cikin takaba, idonta bai bushe ba, wannan abin ne zai tare ta? In ba ku da mutumin da zai ɗauki waya, ku bar ta ta yi ta ƙara. Ya fi mutunci.

Na hau babur na tafi Garo, da ƙugun nan nawa, a kan hanyar da ka sani. Kuɗin mai ma yanzu sai ka rantse jirgi za ka hau. Na same shi a zaure, kwance a kan buzu, ya ba ƙofa baya.

Na ce, "Yaya, ina wuni."

Ya ce, "Lafiya. Wace ce?"

Na ce, "Asabe ce."

Ya ce, "Wace Asaben? Ta cikin waya?"

Na durƙusa. Ni da ko maigidana sai da dabara yake samun durƙusona. Na ce, "Yaya, yaro ne ya yanke. Ai ka san ƙarshen labarin."

Bai juyo ba. Sannan ya ce, "Na sani. Ke ma kin sani. Malamin da ya yi rabon ya mutu. Dagaci ya mutu. Hanne ta mutu. Wa ya rage da zai ce ba haka aka yi ba? Bakin da ya rage shi ne ya ce mini ɓarawo."

Na ce zan fita ƙofar masallaci in faɗa da kaina. Ya ce, "Sai su ce tsohuwa ta ji kunya ta zo gyara. Abin da waya ta faɗa, waya kaɗai suke yarda ta warware."

Sannan ya gaya mini abin da ya yanke. Ya aiki Lawan kotun shari'a, ya nemi a turo masu awo da tef. Da an sare dawa, ranar Litinin ta sama, za a auna gonar gaban shaidu, a fitar da nawa, a fitar da na 'ya'yan Hanne, a kafa siminti a iyaka. Ya ce, "Daga nan ba na riƙe da abin kowa. Ki zo ki karɓi kayanki. Kuma na gaya wa yara, ranar da tawa ta zo, kada a wahalar da kowa zuwa Sabon Birni."

Ka ji? Kada a aiko mini. Mu biyu muka rage a cikin ɗakin Innarmu, kuma ya ce in ji mutuwarsa a bakin 'yan kasuwa.

Kada ka ce ai kotu gaskiya za ta fitar. Ban ƙi shari'a ba, Allah ya kiyaye, rabon da Allah ya yi wa zai ja? In aka auna da tef ma nawa raguwa zai yi, tunda dogon takun nan ni ya yi wa, kuma ko a jikina. Abin da nake tsoro simintin ne. Tef zai nuna inda rabi yake, ba zai nuna wanda ya yaga wandonsa don ƙannensa mata su sami rijiya ba. Kuma ga baffanka nan ya fara lissafi, yana zagaya ni kamar kaza ta ga tsaba: "Iya, tunda shi ya ce a raba, mu karɓa mana, ga tsadar nan, a sayar a ja jari." Ban ga laifinsa sosai ba, kwanon masara ya zama abin da ake kallo daga nesa. Yunwa ta sa kowa ya tuna kakansa yana da gona. Shi ya sa kasuwarku ta buɗe, shi ya sa kuma ya kamata ku ji tsoron Allah fiye da kowa. Mutane a bushe suke kamar kara, ku kuma kuna yawo da ashana kuna cewa talla.

Ban ce ku daina ba. Akwai wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu, 'yan'uwansa suka kwashe har tukunyar ruwa, ba ta san tana da tumunin takaba ba, ba ta san 'ya'yanta mata suna da rabo a gida ba. Da ta ga bidiyo ɗaya mai gaya mata haka da Hausa, da ba ta ƙare a ɗakin aro ba. Irin wannan za ka yi. Ka gaya wa mutane wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a yi wa magaji, a biya bashin mamaci kafin a taɓa komai, mai rai ya kira 'ya'yansa ya nuna musu iyaka tun yana iya tafiya. Ka sa lauyan naku ya zauna ya yi bayani da fuskarsa, shi da ya karanta, shi da za a iya zuwa a kama in ya yi ƙarya. In kuma dole sai da tsohuwa mai tsalle, ga 'yan wasan kwaikwayo nan cike da Kano suna neman na abinci, ku ɗauki ɗaya ku ƙirƙira mata yaya. Amma kada ka sake sayar da mutum mai suna, mai unguwa, mai masallacin da yake zuwa. Kuma duk tallar da za ta sa mace ta kalli ɗan'uwanta ta fara zargi alhali jiya lafiya suke, ba ciniki ka kawo wa ofishinku ba, gida ka rusa ka kai musu ƙofar.

Ubanka ya ce ka yi alkawarin gogewa. Goge me? Yana wayar Lawan, yana wayar mai shayi, an ce har wata a Saudiyya ta turo wa 'yar'uwarta tana tambaya ko Iyar Sabon Birni ce. Ba gogewa nake so ba. Ga abin da nake so, kuma ba roƙo ba ne.

Ranar Juma'ar nan ka nemi izini a wurin ogan. In ya hana, ka ba shi takardar nan ya karanta, ka ce tsohuwar da ta kawo masa masu kira ce take kiran ma'aikacinsa. Ka hau motar Gwarzo da sassafe, ka zo ka ɗauke ni, mu tafi Garo. In an sallame sallah, kafin mutane su watse, za ka tsaya a ƙofar masallaci ka ce kai ne ka yanke, da bakinka, ba da rubutu a ƙasan hoto ba. Ka kunna musu bidiyon tun daga kwalli har hawaye. Sannan mu shiga zaure ka durƙusa ka kara wa Yaya wayar a kunne, ya ji sauran da ya ce akwai. Bayan haka ka sake shi cikakke a duk inda ka saki guntun, da sunan ofishin naku a jiki, kuma ka ɗaura masa dabarar nan taku ta maƙalewa, ya bi duk wanda ya kalli na farko har cikin ɗaki. Tunda kun iya bin mutane, ku bi su da wannan.

Ban sani ba ko zai janye masu awon. Yaya Sale ne, taurin kansa na gidanmu ne, ni ma a can na samo nawa. Amma ko zai kafa simintin, ya kafa shi mutanen Garo sun san wane ne ya auna wa mata fadama.

Abu ɗaya ke hana ni sukuni. Uwarka ta ce ku masu wannan aiki in kun yanke abin da kuke so, sauran zubarwa kuke don waya ta sami wuri. In ka zubar da ƙarshen labarina, kada ka ɓoye mini, kuma kada ka fasa zuwa. Ka zo da wayar a cike da caji. Zan zauna a zauren nan kusa da ƙafafun Yayana, ko ya juyo ko bai juyo ba, in sake bayarwa. Ba kwalli, ba tsalle. Kuma ni da na shekara sittin ina ɓoye ƙarshen labari sai an roƙe ni, wannan karon da shi zan fara. Kalmar farko da za ta fito daga bakina ita ce, "Wannan ɓangaren na Asabe da Hanne ne." Sai in ga ta inda almakashinka zai shiga.

Allah ya tsare ka a hanyar zuwa da ta komawa. Allah ya sa albarka a aikinka, ya ba ka abincinka ba ta hanyar mutuncin wani ba. Allah ya raba ka da sharrin dare da na rana, da sharrin yatsanka. Ka gaida ogan, ka ce masa na gode da ta'aziyya, amma da sauran numfashina. Ita kuwa mai zaƙin muryar nan, kada ka gaishe ta.

Na sa an daka maka yaji, yana nan a ƙulle. Ba zan ba direba ba. Mai so ya zo Juma'a ya karɓa, bayan mun dawo daga Garo.

Ni ce matar da ka yi wa laifi,
kakarka, Iya Asabe.